Hannun da Tirzah Ta Kankare

Duk wanda ya taɓa karɓar burodin masara daga hannun Tirzah Wadhams ya ga baƙin tabon nan da ke gefen yatsanta na tsakiya. Mata sukan ce ai rini ne, tunda ba ta rabuwa da rina zaren ulu. Ita kuwa ba ta taɓa cewa e ko a'a ba. Shekara arba'in tana dirje shi da sabulun toka, kafin mako ya zagayo ya dawo.

A garinmu na bakin kogin Connecticut, a wancan zamani ba a kai mamaci makwancinsa haka siddan. Sai an rubuta masa baitoci, a maƙala takardar a jikin baƙin mayafin akwatin gawa, daga baya mai sassaƙar dutse ya ɗauki layi huɗu ya sassaƙa a dutsen kabari. In ka zaga makabartarmu za ka tarar da duwatsu sun fi sittin masu baitoci, kuma a ƙarƙashin kowanne haruffa biyu ne, E.W. Wato Enos Wadhams, mijin Tirzah, dattijon coci, mai haɗa gangunan katako na zuba ruwan tuffa da naman gishiri.

To Enos dai, Allah ya ji ƙansa, ko da wuƙa a wuya ba zai iya haɗa baiti ɗaya ba. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Abin ya samo asali ne ranar da 'yarsu Huldah ta rasu tana da shekara huɗu. Tirzah ta zauna a teburin kicin ta rubuta abin da ke cin ranta, ta maƙala a mayafin. Faston lokacin ya karanta, ya share ido, ya kama hannun Enos a gaban jama'a ya ce, "Ɗan'uwa Enos, ashe Ubangiji ya ba ka wannan baiwa kake ɓoyewa?" Enos ya dubi matarsa, matarsa ta dubi ƙasa. Macen da sunanta ya shiga bakin maza a lokacin, ba ta sake shan ruwa da daɗi a garin. Shi ke nan, magana ta zauna a haka. Ita ta rubuta a kicin, shi ya kwafe da manyan haruffansa kamar sawun kaza, a kai gidan makoki.

Yau shekara uku da rasuwar Enos, kuma tun daga ranar babu wanda aka sake yi wa baiti. Mutane suna cewa rijiyar ta ƙafe da mai ita. Dutsen Enos kansa suna ne kawai da shekaru, ƙasansa fili fetal, sumul kamar tafin hannu. Kowace Lahadi Tirzah takan wuce ta gabansa, ta kau da kai.

Ana nan, a shekarar 1812, da ƙanƙara ta narke laka ta bushe, sai ga Obed Starkey mai zanen hoto ya shigo gari da keken dokinsa. Siriri ne, dogo, hancinsa kullum ja, rigarsa duk ɗigon fenti. Yana da wata dabara tasa. Duk watannin sanyi, da hanya ta toshe, yakan kulle kansa a ɗaki ya yi ta zana jikkunan mutane a kan ƙyallaye masu kauri, daga wuya zuwa cinya, da kaya da hannuwa da komai, ya bar gurbin kai. Da bazara sai ya loda su ya bi garuruwa. Ka zaɓi jikin da ya yi maka, ka zauna kwana biyu, ya ɗora kanka a kai.

Jabez, ɗan Tirzah, shi ya kira shi gida. Jabez mai kanti ne, ya fara tumbi, kuma a bazarar nan ake shirin zaɓensa dattijon coci a gurbin ubansa. Da hantsi suka shigo ɗakin baƙi, Obed ya jingina ƙyallaye biyu a bango.

"Mama, zo ki gani," in ji Jabez. "Kin yi sa'a, na mata ɗaya ne ya rage masa."

Tirzah ta fito tana goge hannu da gefen riga. Na farko jikin mace ne cikin baƙar riga da farin wuya mai ado, hannuwa farare sumul a kan cinya, riƙe da tsinken saƙa da rabin safa. Na biyu jikin namiji ne cikin baƙar kwat, hannun dama riƙe da alƙalamin gashin dinya, ga takarda, ga kurtun tawada.

"Wannan na biyun fa, na waye?"

"Na Baba ne. Ni zan zauna a madadinsa, tunda kowa ya ce kamarmu ɗaya. Mista Starkey zai ƙara furfura da 'yan tamoji. A rataye ku nan gefe da gefe, jikoki da tattaɓa kunne su san daga inda suka fito."

Tirzah ta daɗe tana kallon alƙalamin. Ta san yadda hoto yake. Mutum ya mutu, waɗanda suka san shi su mutu, hoto yana nan a bango yana ba da shaida, ba mai ƙaryata shi. Nan da shekara ɗari wata yarinya za ta nuna bango ta ce, ga kakanmu mai waƙa, ga matarsa mai saƙar safa.

"Mai fenti," ta ce, "ɗora kaina a kan wancan."

Obed ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya haɗiye sauran. "Uwargida, ai na maza ne. Kwat ce fa."

"Na ga kwat. Idona bai mutu ba tukuna. Alƙalamin nake so, in sai da kwat ake ba da shi, to a haɗo da kwat ɗin."

"Mama!"

"Na'am, Jabez."

"A gaban baƙo?"

"Baƙon da zai ƙura wa fuskata ido kwana biyu? Ai ya zama ɗan gida."

Jabez ya ja ta gefe, ya sassauta murya, kunnuwansa sun yi ja. Ya sani sarai. Yana yaro shi ake aike ya tsinto gashin dinya a bakin tafki, kuma ya sha ganin wanda yake riƙe shi da fari da wanda yake riƙe shi daga baya.

"Mama, don Allah ki rufa mana asiri. Saura mako uku a yi zaɓe. So kike a ce dattijon coci ya yi shekara arba'in yana amsa yabon da ba nasa ba? A ce ni ɗan maƙaryaci ne?"

"Ubanka bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya yi ba."

"Bai kuma ce ba shi ba ne!"

"To ai shi ya sa ni zan faɗa."

"Kin haƙura shekara arba'in, me ya rage?"

"Abin da ya rage shi ne kaɗan, shi ya sa."

Jabez ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Obed, "Mai saƙar nan za ka yi mata. Ni na kira ka, ba ita ba." Ya tafi kanti.

Da azahar Obed ya kafa ƙyallen kusa da taga, ya zaunar da ita a kujera. Ta zauna lafiya lau, har ya fara murna. Yana cikin dama fenti ta ce, "Na ga hoton da ka yi wa matar mai injin niƙa bara."

"Ai ya yi kyau, ko?"

"Hannunta irin wannan ne sak. Na ga na ƙanwar fasto, shi ma haka. Ashe duk matan kogin nan hannunmu ɗaya ban sani ba? Matar mai niƙa da yatsu kamar tushen rogo, ka ba ta hannun 'yar tsana."

"Ba ta yi ƙorafi ba."

"Ina za ta yi, an yi mata kyauta? Na waye hannun?"

Obed ya sosa hanci da gindin buroshi. "Na wata baiwar Allah ce a wani hoton bugu da aka kawo daga Landan. Shekara goma sha ɗaya nake kwafarsa."

"Ba ka iya hannu ba ke nan."

"Uwargida, ni fentin keken doki na koya da allon masauki. Fuska na koya wa kaina, ina kallon madubi. Amma hannu..." Ya girgiza kai. "Na taɓa gwada na mai rai sau ɗaya. Mutumin ya ce in ba kaguwa na zana ba to gizo-gizo ne. Ya kore ni da kare."

Tirzah ta yi dariya har da tari. "Kai ma dai mai kayan aro ne. To ka sani, zanen aro ba ya rufe katara."

"Ya rufe tawa shekara goma sha ɗaya. Ɗan ɗaga haɓa, Uwargida."

Ta ɗaga. Kwana biyu tana zaune yana aiki, kuma gaskiya yaron ya iya fuska. Ya kamo ta sak, da ƙanƙancewar idon hagu da taurin bakin nan da Enos yake cewa ko ƙusa aka ba shi zai tauna. Ran na biyu da rana tsaka ya ajiye buroshi ya fita ba dokinsa ruwa.

Tirzah ta tashi ta tsaya gaban hoton. Ga fuskarta, ga hannun wata 'yar Landan da ba ta taɓa tatsar saniya ba. Ta shiga kicin ta ɗauko wuƙar fere tuffa, ta gwada kaifinta a farce. Ta dawo ta dafa bayan ƙyallen da hannun hagu kada ya huje, ta fara kankara. Fentin tun na sanyi ne, ya bushe, yana zubowa ɓarɓashi kamar ɓawon kifi. Tsinken saƙa ya tafi, safa ta bi shi, sannan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaggawa ba. Da Obed ya dawo ya tarar da ita tana share ɓarɓashin da tsintsiya, a cinyar hoton kuwa wani farin fili kamar faɗin faranti.

Bokitin ya faɗi daga hannunsa. "Wayyo ni Obed! Uwargida, kin kashe ni! Shi ke nan na matan da ya rage!"

"Na sani, ɗana ya faɗa."

"Yanzu me zan sa a nan?"

Ta jingina tsintsiya, ta koma kujera, ta zaro alƙalami daga aljihun riga. Ta ɗora hannunta a cinya, hannu mai jijiyoyi da kumburarrun gaɓoɓi da baƙin tabo.

"Ga shi. Ba kare a gidan nan."

Ihun Obed ya kai kanti, don tsakaninsu katanga ce kawai. Jabez ya shigo da garin fulawa a hannun riga, ya dubi hoton, ya dubi wuƙar a kan tebur.

"Mama, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na fere abin da ba na ci."

"Mista Starkey, zana mayafi ya rufe wurin. Babban mayafi, har gwiwa."

"Zana," in ji Tirzah. "Ya bushe in kankare. Ka sa bargo in kankare. Kai kana da kanti da coci, ni ba ni da aikin yi sai wuƙa da lokaci."

"Sai in sa shi a murhu!"

"Sa. Ka gaya wa masu zaɓenka ka ƙona fuskar uwarka."

Obed ya lallaɓa zai fice, ta ce, "Tsaya nan, mai fenti, kai ne shaida." Ta juya ga ɗanta. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"Kana ta Baba, Baba. Kai ka san ubanka kuwa? Mutumin nan ya haɗa ganga ta fi dubu, ko ɗaya ba ta taɓa yoyo ba. Har yau akwai gangunansa a jiragen ruwa. In ya shafa katako da yatsa ya san ko zai tsage nan da shekara goma. Wannan bai ishe ka alfahari ba, sai ka ƙwace masa guduma ka liƙa masa gashin tsuntsu? Duk ranar da aka yabe shi kan baiti, ba ya iya cin abincin rana. Ni nake kwashe kwanon."

Ta nuna masa tabon da ke yatsanta.

"Ranar da zai cika, kana kanti. Ya kama wannan yatsan, wannan mai tabon, ya ce, Tirzah, ki karɓi kayanki, sun yi mini nauyi. Ni ce na ji tsoro. Shekara uku dutsensa tsirara, don in na rubuta ban san sunan da zan sa a ƙasa ba. Mutumin da ya yi wa gari hidima, kare ma ya fi shi samun baiti."

Ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, ta buɗe, amma ba ta duba ba, da ka ta karanta.

"Ya ɗaure ganga, ba ta zubar da ɗigo ba,
Ya riƙe sirri, bai faɗa wa kowa ba,
Ranar Talata, ƙanƙara ta rufe gari,
Ya mai da kayan aro, bai wuce da su ba."

A waje dokin Obed ya yi atishawa. Jabez ya zauna a bakin akwati. Ranar Talata ce kuwa, kuma shi da kansa ya haƙa hanya cikin ƙanƙara zuwa makabarta.

"Wannan zai shiga hoton," in ji Tirzah. "A rubuce, yadda mai ido zai karanta. In akwai wanda zai ce Enos ya tashi daga kabari ya yi wa kansa, sai ya zo ya gaya mini."

Jabez ya goge fuska da tafin hannu, garin ya shafe masa gira. Sannan ya ce:

"Ba dai a ɗakin baƙina ba, Mama."

"Wa ya roƙe ka? Wa ke shiga ɗakin baƙinka in ba gawa da fasto ba? A kicin za a rataye ni, saman teburina."

Kowa a garin ya san ta ƙofar kicin ake shiga gidan Wadhams, masu aron gishiri da masu kawo gulma duka. Jabez ma ya sani. Ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya hula, bai waiwayo ba.

"Mista Starkey. Na Baban... akwai gudumarsa a rumbu. In za ka iya."

"Sai na kankare alƙalamin, ranka ya daɗe."

"Ga mai wuƙa nan," in ji Jabez, ya fita.

Kwana huɗu Obed ya yi a kan hannun nan, shi da yake gama fuska a biyu. Ya zana ya goge, ya zagi buroshi, ya zagi ranar da aka haife shi. Tirzah tana zaune hannunta ya sage, ba ta motsa ba, sai baki.

"Wannan yatsa ne ko karas?"

"Uwargida, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ka rage kumburin gaɓar nan. Mayar da shi. Shekara arba'in na yi ina tara shi."

"Tabon fa? In ɗan rage masa baƙi?"

"Taɓa shi ka gani."

A ƙarshe hannun ya fito. Ba kyakkyawa ba ne, babban yatsan ya ɗan fi tsayi, kuma wuyan hannun kamar an karya an ɗora. Amma duk wanda ya taɓa karɓar burodi a gidan zai gane shi daga bakin ƙofa. Obed ya ja da baya ya daɗe yana kallo, hancinsa ya ƙara ja. Sai ya tsoma siririn buroshi ya rubuta sunansa a kusurwar ƙasa, abin da bai taɓa yi a kan ko ɗaya daga cikin jikkunan sanyinsa ba.

Kafin fentin ya bushe labari ya gama gari. Wasu matan suka shigo aron abin da suke da shi a gida, suka tsaya gaban hoton suna motsa leɓe. Ƙanwar fasto ta karanta ta fita ba sallama. Matar mai niƙa ta karanta sau biyu, ta ce, "Ashe ke kika yi wa Silas ɗina?" ta fashe da kuka a kafaɗar Tirzah. Zaɓen coci kuwa aka ɗaga shi zuwa kaka, wai sai an yi shawara, kuma Jabez ya yi kwana tara ba ya cin abinci a teburin uwarsa. Ba ta aika a kira shi ba. Ran na goma yunwa da waken da ta gasa da naman alade suka kawo shi.

Ranar da Obed ya ɗaura wa dokinsa kaya, Tirzah ta sa hular fita ta bi hanyar makabarta, ta wuce ta zuwa rumfar Gad Pelton mai sassaƙar dutse. Tsoho ne kurma-kurma, shi ya sassaƙa duk sittin ɗin nan. Ta miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da ido ya karanta, ya dube ta ta saman tabarau.

"Na Enos ne?"

"Na dutsen Enos ne."

"To a ƙasa fa? Hannuna ya saba da E.W."

"Sai ya koyi sabon harafi. T ba ta da wuya, sanda ce da hula."

"Tsofaffin sittin ɗin fa, Tirzah?"

Ta dubi makabarta ta ƙofar rumfar, duwatsu jere cikin sabuwar ciyawa.

"Bar wa Enos su, ya sha wahalar kwafa. Wannan dai nawa ne. Ka sassaƙa shi da zurfi, Gad, yadda wuƙa ba za ta iya da shi ba."